Kilt na Sikotland: wanne za ka saya, wanne za ka bari a kanti

Wanda aka gayyata ɗaurin aure a Glasgow ko Aberdeen, yake kuma son kilt nasa na kansa (wato siket ɗin gargajiya na mazan Sikotland, mai ninke-ninke a baya) maimakon na haya, zai tarar da kaya iri huɗu a kasuwa: na ulu mai yadi 8 ɗinkin hannu, na ulu mai yadi 5 ɗinkin keke, na foliyesta da aka cakuɗa da biskos (zaren da ake sarrafawa daga ɓargon itace), sai na akirilik (zaren roba mai kama da ulu). A hoto duk kamarsu ɗaya, don daga gaba ake ɗaukar hoton. Bambancin yana baya, inda ninke-ninken suke.

Fara da yadin. Tartan, wato yadin kilt mai layuka tsaye da kwance masu ratsa juna, saƙa ce, ba bugun zane ba. Ana rina zaren tukuna, a jera na tsaye bisa ƙidaya, misali baƙi kaza, kore kaza, shuɗi kaza, sannan a bi wannan jerin daidai da zaren kwance. Kowane zare yana haye biyu ya shige ƙarƙashin biyu, layi na gaba ya gusa da zare ɗaya, shi ya sa kake ganin siraran layuka a karkace a jikin yadin. Inda ja ya gamu da ja, ja zalla ne. Inda ja ya ratsa shuɗi, sai launi na uku ya fito. Launi 2 na ba da 3, launi 6 na ba da 21. Gidan zanen da ke maimaituwa shi ake kira sett, kuma na kilt yakan kai inci 5 zuwa 8. Riƙe wannan adadin, domin shi ke yanke yawan ninkin da za ka samu.

Nauyi kuwa da oza ake faɗinsa a kan yadi ɗaya mai faɗi biyu, wato wanda ake raba shi biyu ta tsawonsa kafin a ɗinka kilt. Oza 16 shi ne nawa zaɓin: yana riƙe guga, iska ba ta ɗaga shi, yadin kaɗai ya doshi kilo 2. Oza 13 ba laifi ga mai rawa ko mai jin zafi. Oza 10 ko 11 na siket ne da laktaye, kada tela ya lallashe ka da shi.

Yanzu lissafin yadi 8. Inci 288 ke nan. Shafukan gaba biyu da ke hawa kan juna, da manyan ninki biyu na gefe, sukan cinye kamar inci 90 zuwa 100. Abin da ya rage shi ake ninkewa a baya. In gidan zanen inci 6 da rabi ne, za a sami ninki 26 zuwa 30, kowanne abin da ke bayyane bai cika inci ɗaya ba, sauran duk yana ɓoye a ciki. Wannan ɓoyayyen yadin shi ne kuɗinka. Shi ke sa bayan kilt ya riƙa lilo in kana tafiya, ya kuma koma ya kwanta da kansa in ka tsaya.

Tela zai tambaye ka yadda za a jera zanen. Hanya ta farko, a bi gida: kowane ninki ya ci gida ɗaya da ɗan ƙari, har zanen gaba ya sake haɗuwa a baya kamar ba a ninke ba. Fararen hula sun fi yin wannan, kuma ba ya ba da kunya. Hanya ta biyu, a bi layi: a zaɓi layi guda, a ɗora shi a tsakiyar kowane ninki, yadda sojoji suka saba. Ni wannan na fi so, nesa ba kusa ba. Bayan ya zama wani abu dabam da gaba, layuka tsaye reras, in ka motsa kuma launukan da ke ɓoye su riƙa leƙowa. Amma zaɓin layin ke gyara shi ko ɓata shi. A zanen tartan da ake kira Royal Stewart, bin farin layi dabam, bin rawaya dabam. In aka zaɓi wurin da ba shi da layin tsaye mai ƙarfi, sai ratsin kwance ya rinjaya, bayan ya fito kamar katifa. Ka sa tela ya kama ninki biyar ko shida da fil a kan layuka biyu ko uku, ya turo maka hoto kafin ya taɓa almakashi. Ninkin akwati, wani salon ninki dabam irin na rundunar sojan Royal Regiment of Scotland, yana da kyau, sai dai wahalar guga.

Daga ƙugu zuwa ɗuwawu ana ɗinke ninke-ninken, kowanne yana ɗan tsukewa zuwa sama. A nan ake gane gwani: layukan kwance su haɗu daga wannan ninki zuwa wancan ba tsalle. Ta ciki kuma ana yanke rarar yadin don kada ya yi tudu a baya, a ɗinke ninkin da juna, a sa kanfas mai tauri, a shimfiɗa wani ƙyalle marar miƙewa daga madaurin fata na wannan gefen ƙugu zuwa na wancan, sannan a rufe da shafi. Wannan ƙyallen shi ne abin da ake yawan sacewa, don ba a ganinsa. In babu shi, duk jan da madaurin fata ke yi a kan ulu da ɗinki yake sauka, ramin madauri ya buɗe, layuka su karkace, kuma gyaransa sai an farke shafi gaba ɗaya. Gwajinsa: kama madauran biyu ka ja. In bayan ya miƙe ko kaɗan, ajiye shi.

Mai yadi 5 ulu ne na gaske, amma ninkinsa ba zurfi, ba ya lilo sosai. Na foliyesta da biskos yana wankuwa, ya dace da kallon ƙwallo ko mai ƙaiƙayin ulu. Na akirilik kuwa asarar kuɗi ce.

Shi ne kuma ya cika shagunan 'yan yawon buɗe ido a titin Royal Mile na Edinbara da shafukan intanet. Da yawa daga Sialkot ta Pakistan ake kawo su. Ɗinka kaya a can ba laifi ba ne. Laifin na mai sayarwar da ke ɓoye asalinsu ne. Karanta lamba da kyau: a ce an tsara a Sikotland ba a ce an saƙa a can ba. In ka ga an haɗa sunan akirilik da ulu a matsayin sunan yadi ɗaya, to babu gashin tunkiya a ciki. "Yadi 8" ma ana rubutawa a kan abin da bai kai 6 ba, don haka ƙirga ninkin, ka zura yatsu ka ji zurfinsa. Duba ƙasan kilt ɗin: na gaske bakin saƙa ne, ba a kalmashe shi, kalmasa mai kauri alama ce ta yadin da ba don kilt aka saƙa shi ba. Juya yadin, ciki da waje zane ɗaya ne in saƙa ce. In an ba ka ƙyallen gwaji, zare zare ɗaya ka ƙona: ulu warin gashi yake yi ya zama toka mai murmushewa, akirilik narkewa yake ya dunƙule.

Tambayi sunan masaƙar. Mai gaskiya zai ce Lochcarron ta Selkirk, ko House of Edgar ta Perth, ko Marton Mills ta Yorkshire a Ingila. Sunan zanen kuma ka duba shi a rajistar tartan ta Sikotland da aka buɗe a 2009. Zane ɗaya yana zuwa da rini iri-iri, mai duhu, mai haske, da mai kamar koɗaɗɗe, kuma allon waya ƙarya yake yi a kan launi, sai ka riƙe ƙyalle a hannu.

Awo uku ake ba tela: ƙugu a saitin cibiya, ba inda wando ke zama ba, ɗuwawu a inda ya fi faɗi, tsawo zuwa saman ƙoƙon gwiwa ko tsakiyarsa. Wani ne zai auna ka kana tsaye, don in ka sunkuya awon ya ɓaci. Kilt zai iso da farin zare da aka kama ninkin da shi. Kada ka cire sai ka gwada, domin tela da yawa ba sa karɓar gyara bayan an cire.