GCFA: Shaidar Ƙwarewa Mai Tsada, Ga Wanda Ya Riga Ya Shiga Aikin

A cikin takardun shaidar da ake nema a fannin binciken ƙwaƙwaf na kwamfuta da daƙile kutse, GCFA na cikin waɗanda masu ɗaukar ma'aikata suka fi ganewa. Hukumar GIAC ce ke ba da ita, kuma tana tafiya ne tare da kwas ɗin FOR508 na cibiyar SANS da ke Amurka. Kwas ɗin na kwana 6 ne, ana iya halartarsa a aji ko a bi shi ta intanet. Hukuncinmu tun daga farko shi ne: takarda ce mai nauyi, amma ba ta sabon shiga ba ce.

Jarrabawar tambaya 82 ce cikin awa 3, kuma ana bukatar kashi 71 cikin ɗari kafin a ci. An yarda ka shiga da littattafai da takardun da ka buga, amma ban da waya, ban da kowace na'ura. Wannan dama ita ce ke yaudarar mutane da yawa. Idan ka raba lokacin, kowace tambaya ba ta samu fiye da minti 2 da 'yan daƙiƙu ba, kuma tambayar da ka amsa ba ka komawa kanta. Wanda ya dogara da buɗe littafi a kowace tambaya, lokaci zai ƙare masa kafin ya kai sashen CyberLive, inda ake ba shi kwamfutar gwaji ya gudanar da bincike da hannunsa ya fito da amsa. Waɗannan tambayoyi sun fi sauran cin lokaci, don haka a ware musu rabonsu tun kafin a fara.

Abin da ya fi burge mu a manhajar karatun shi ne yadda take tilasta wa ɗalibi ya san iyakar kowace hujja. Ɗauki tambayar da mai bincike ke fuskanta kullum: shin an gudanar da wannan manhaja a kan wannan na'ura? Windows na barin sawu a wurare uku da ake dubawa: Prefetch, Shimcache da Amcache. Fayilolin Prefetch suna nuna cewa an gudanar da ita, kuma daga Windows 8 zuwa sama suna riƙe lokuta 8 na ƙarshe, sai dai a kan kwamfutocin saba (server) na Windows galibi a kashe suke, don haka rashinsu ba ya wanke kowa. Shimcache kuwa tarko ne ga mai gaggawa. Lokacin da ke cikinsa na ranar da aka yi wa fayil ɗin gyara na ƙarshe ne, ba na ranar da aka gudanar da shi ba, kuma a sabbin Windows sunan fayil na iya shiga jerin ba tare da an taɓa kunna fayil ɗin ba. Ga shi kuma ba ya sauka cikin rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows, sai an kashe na'urar ko an sake kunna ta. Amcache na ba da lambar SHA1 ta fayil, wadda ke tantance shi kamar zanen yatsa, abin da ke da amfani ƙwarai idan maharin ya goge kayan aikinsa. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya isa shi kaɗai, kuma jarrabawar tana gina tambayoyinta ne a kan wannan bambanci.

Haka ma batun sauya lokutan fayil don ɓatar da sawu. A NTFS, tsarin da Windows ke adana fayiloli da shi, kowane fayil na da lokuta a wuri biyu cikin babban jerin fayiloli mai suna $MFT, wato $STANDARD_INFORMATION da $FILE_NAME. Na farko yana da sauƙin sauyawa, na biyu ya fi wuya. Idan suka saɓa, ko kuma ɓangaren da ke ƙasa da daƙiƙa ya zama sifiri zalla, akwai dalilin zargi. Amma fayil ɗin da aka ciro daga cikin zip na iya nuna irin wannan alama ba tare da wani ya yi maguɗi ba. Rahoton da ya yanke hukunci a kan alama ɗaya tak na iya jefa marar laifi cikin matsala, kuma kwas ɗin ya ba wannan gargaɗi haƙƙinsa.

Sashen bin sawun mahari daga na'ura zuwa na'ura ma yana da ƙarfi: lamba 4624 a kundin tsaro na Windows, mai nuna an shiga na'ura, tare da nau'in shiga 3 ko 10 (shiga daga wata na'ura), da 4648 idan an gwada shiga ta hanyar saka sunan asusu da kalmar sirri kai tsaye, da 7045 a kundin System idan an girka sabon sabis, da 1102 idan an share kundin tsaron. Sai binciken RAM da Volatility da MemProcFS, da haɗa jadawalin lokaci da Plaso, da kayan aikin Eric Zimmerman irin su MFTECmd da Timeline Explorer. Kuskuren da ya fi lalata jadawali shi ne haɗa majiyoyi masu bin agogon gida da masu bin agogon duniya na UTC ba tare da an daidaita su ba. Bambancin awa ɗaya ya isa ya juya tsarin abin da ya faru, sakamako ya riga dalili.

Game da shiri, fihirisar littattafan kwas ɗin da kake haɗawa da kanka don shiga jarrabawa da ita, ita ce ainihin karatun. Kowane layi ya ƙunshi kalma, lambar littafi, shafi, da gajeren bayani, a jera su bisa haruffa. Umarnin kayan aiki a ware musu takarda daban. Aron fihirisar wani ba ya aiki, domin ana sabunta littattafan, shafuka su sauya, kuma ba za ka san inda ya ajiye abu ba. Jarrabawar gwaji kuma a yi ta da agogo da littattafai kamar ta gaske, sannan a gyara fihirisar da abin da aka rasa.

Sai aibobinta, kuma ba ƙanana ba ne. Kuɗin kwas ɗin ya haura dala 8,000, ban da kuɗin jarrabawa. Ana iya zama jarrabawar ba tare da kwas ba, amma tunda daga littattafan kwas ɗin ake tsara ta, wannan hanya sai wanda ya daɗe a aikin. Shaidar na ƙarewa bayan shekara 4, sabunta ta kuma na bukatar maki 36 na ci gaba da karatu da wani kuɗin. Kusan komai a cikinta Windows ne. Mai aiki da Linux, wayoyi ko kundayen girgije sai ya nemi wani kwas. Babban giɓin a ganinmu shi ne ba ta gwada rubuta rahoto, alhali rahoto ne abin da shugaban kamfani ko alƙali zai karanta.

Wanda bai taɓa buɗe rajistar Windows ba, GCFE da kwas ɗinta FOR500 sun fi dacewa da shi. Mai biya daga aljihunsa ya duba takardun shaidar BTL1 ko CCD, waɗanda jarrabawarsu ta aiki ce zalla kuma kuɗinsu bai kusanci wannan ba. Mai aikin da zai kai shi gaban kotu ya duba CFCE ta ƙungiyar IACIS. GCFA ta fi biyan kuɗinta ga wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu yana karɓar ƙararrakin tsaro, yana son komawa cikakken bincike a kan na'urori masu yawa, kuma ma'aikatarsa za ta ɗauki nauyin kwas ɗin.