Daren rufe zango a gidan kallon Yelwa

Duk wanda ke Garwa, a arewacin Kamaru, kuma yake bin shirin nan mai dogon zango na masu garkuwa da mutane, wanda ake saki a YouTube mako-mako, shawarata ita ce kada ya kalli kashi na ƙarshe shi kaɗai a waya. Ya nemi gidan kallo. Ni a wani gidan kallo da ke unguwar Yelwa na kalla, na biya sefa 200, kuma kuɗina bai tafi a banza ba. Akwai abin da ya ɓata mini rai a wurin, akwai kuma wanda ya fi sosa mini rai a shirin kansa, duk zan faɗa. Wanda bai kalla ba ya sani zan tona ƙarshen labarin.

Wurin asalinsa na ƙwallo ne. An kafa shi lokacin gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022, sa'ad da filin Rumde Ajiya ya karɓi wasanni, garin ya cika da baƙi. Rumfar kwano ce, da bencina, da babbar talabijin, da lasifika biyu. Ranakun da ba a ƙwallo mai wurin yake saka shirye-shiryen Hausa. Kallon ƙwallo sefa 100 ne, amma daren rufe zango ya ninka, wasu samari suka yi ta gunaguni a bakin ƙofa. Ni ban ga laifinsa ba. Kowa ya san wutar arewacin Kamaru ta dogara da madatsar Lagdo, wadda aka gama tun 1982, in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Dole ya tayar da janareta, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga can ta bayan fage, ya daina zama man talaka. Ya kuma yi dabara mai kyau: tun da rana ya sauke kashin a kwamfutarsa, don haka babu tsayawar hoto, babu jiran intanet. Sai da aka idar da sallar isha'i ya kunna. Ɓangaren mata daban, an raba da labule, da ƙofarsu ta gefe. Wannan duk ya kyauta.

Abin da bai kyauta ba shi ne yara. Na ga waɗanda ba su kai shekara goma ba a gaban talabijin, zaune a ƙasa, ana nuna musu yadda ake ɗaure mutum a jikin bishiya ana zane shi da bulala. Fanka biyu ne kacal a rumfar kwano cikin zafin Garwa, ga mai shan taba a bayanka. Zafi da hayaƙi babba zai iya jurewa, amma wannan shiri ba na yara ba ne, kuma sefa 200 ɗin yaro bai kai a karɓa ba.

Labarin, ga wanda bai bi ba: wani Alhaji ne ɗan kasuwar hatsi a Kano, aka sace ɗansa matashi a hanya aka shiga da shi daji. Zangon duka ya tafi a kan ciniki ta waya, da sayar da kadara, da wani Sufeto da ke bin sawu a ɓoye domin an gargaɗi Alhaji kada hukuma ta ji. Tun tsakiyar zango an nuna akwai mai kai rahoto daga cikin gida, kowa kuma ya ɗora zarginsa a kan direba. A gidan kallon nan har an sa wa direban suna, da ya bayyana sai a fara tsaki.

Kashi na ƙarshe ya buɗe da kiran waya, kuma a nan ne masu shirin suka nuna sun san aikinsu. Babu kiɗa, babu ihu. Alhaji na zaune a tabarma, wayar a ƙasa an buɗe murya, matarsa a bakin ƙofar ɗaki ta toshe bakinta da mayafi. Muryar da ke can ɓangaren ba ta zagi ba, ba ta ɗaga ba. Cikin natsuwa ta ce: "Alhaji, ka ce ba ka da shi. To gidan nan na bayan kasuwa da ka saya bara da sunan matarka fa?" Ɗan wasan da ya fito a Alhaji bai ce komai ba, sai dai ka ga hannunsa ya saki carbi. Ya gane cewa wanda ya san wannan magana bai wuce mutum uku ba a duniya.

A nan rumfar ta yi tsit. Akwai wani saurayi a bencin gabana da tun farko yake fassara wa abokansa biyu da Fulatanci, domin Hausarsu ba ta nuna ba. Ya daina fassarar, su ma ba su nema ba. Gefena wani dattijo ne, dillalin shanu daga wajen Tuboro, ya zo Garwa jinyar ɗan'uwansa. Ya girgiza kai ya ce, ba da ni ba, da kansa: "Wallahi haka suke yi. Sai su ƙirga maka shanunka, har da wadda ta haihu jiya."

Mu a nan ba labarin nesa muke kallo ba. Manyanmu sun tuna zamanin zargina, wato 'yan fashin hanya, a shekarun 1990, lokacin da hanyar Garwa zuwa Ngaundere da ta Marwa zuwa Kuseri suka zama abin tsoro, ake tare motoci ranar kasuwa a kwantar da fasinja a kan kwalta. Saboda su aka kafa BIR, runduna ta musamman ta sojojin Kamaru, a 2001. Da hanya ta yi musu zafi, 'yan kasuwa kuma suka daina yawo da kuɗi a jaka suka koma aikawa, sai ɓarayin suka sauya sana'a: suka koma rugage suna ɗaukar 'ya'yan makiyaya, uba ya sayar da garke ya fanso ɗansa. Yankin Mayo Rey, musamman Tuboro da ke kusa da iyakar Cadi da Afirka ta Tsakiya, da wasu sassan jihar Adamawa ta Kamaru, sun ɗanɗana wannan shekara da shekaru. Ƙauyuka sun tashi, masu shanu sun koma gari ba ko akuya.

Shi ya sa wani abu ya daɗe yana damuna a shirin. Daga farkon zango har kusan ƙarshe, duk ɗan bindigar da aka nuna an ba shi rawani da sanda da karyayyiyar Hausa irin ta Bafulatanin daji, har ana neman a ba mutane dariya da ita. A Garwa, garin da Fulatanci ne harshen kasuwa, inda maƙwabcinka da surukinka da limaminka Fulani ne, wannan ba ya ba da dariya. A wannan yanki makiyayi shi ne ya fi kowa shan wahalar masu garkuwa. Ban ce babu ɓata-gari a cikinsu ba, kowa ya san akwai. Amma shirin da ya ɗauki zango guda bai nuna ko ruga ɗaya da aka ɗauke wa ɗa ba, ya faɗi rabin gaskiya ne. Abokan saurayin nan biyu na lura da su a makonnin baya, in 'yan bindigar suka fara magana sai su sunkuyar da kai alhali sauran jama'a na dariya.

Kashi na ƙarshe ya ɗan biya wannan bashi, shi ne ma dalilin da ya sa na yaba masa. Mai kai rahoton ba direba ba ne. Ɗan ƙanwar Alhaji ne, wanda ya tashi a gidan, aka yi masa makaranta, aka ba shi riƙon shago. Shi ne ke zama kusa da uwar yaron yana ba ta haƙuri, shi ne ya raka Alhaji wurin sayar da gida. An nuna shi a bayan gida yana waya da tsabtatacciyar Hausar Kano, yana cewa a ƙara matsa wa kawu, akwai sauran abin tatsa. Daga bayan labule sai salati ya tashi. Wata mata ta ce da ƙarfi: "Inna lillahi! Yaron da ta goya!" Wani a baya ya ce: "Ai da ma da ɗan gari akan ci gari." Waɗanda suka sha zagin direba suka kama kame-kame, har wani ya ce a nema masa gafarar bawan Allah.

Ɓangaren Sufeto shi ne raunin shirin. Ya zauna gaban kwamfuta, cikin ɗan lokaci ya gano inda ake kiran waya, kamar wasa. Tun ƙarshen 2020 Najeriya ta tilasta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, amma ba a daina garkuwa da mutane ba, har jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna aka tare a watan Maris na 2022. Masu kallo sun san wannan, shi ya sa aka yi ta tsaki a wurin. Ba zan daɗe a kai ba.

Sai ƙarshen. An aika ɗan ƙanwar ya kai kuɗin da kansa, Sufeto na biye da shi a nesa. Aka fito da yaron daga duhu, ya ɗaga kai ya ga ɗan'uwansa tsaye yana gaisawa da shugaban ɓarayin hannu da hannu. Suka haɗa ido. Aka ji ƙarar bindiga sau ɗaya, hoto ya ɗauke, aka rubuta sai zango na gaba. Rumfar ta hargitse. Wasu sun zaci janareta ce ta mutu, suka yi kan mai wurin, ya rantse musu cewa iyakar abin ke nan. Wani ya buga benci ya ce an ci amanarsa.

Musun ya koma teburin mai shayi, kuma na ji daɗinsa kusan kamar shirin. Samari suna gardamar wa aka harba. Manya ba wannan ya dame su ba, su tambayarsu ita ce ko Alhaji ya yi daidai da ya bari hukuma ta shiga. Wani tsohon jandarma ya ce duk kuɗin fansa da aka biya harsashi ne aka saya wa ɓarayi, gobe ɗan wani za su ɗauka da shi. Dattijon Tuboro ya bar shi ya gama, sannan ya ce: "Malam, maganarka gaskiya ce. Amma ranar da aka kira ka ka ji muryar ɗanka, ba za ka tuna da ɗan wani ba." Na tambaye shi: "Baba, ku a can ba a zuwa wurin jauro ko Lamiɗo?" Ya ce: "Ana zuwa, ɗana. Amma kafin ka dawo gida an kira ka an faɗa maka kalar rigar da ka sa." Jandarman bai sake musu ba, ya dai ce Allah ya kyauta, aka amsa da amin.

Ni ra'ayina a kan wannan yankewa ya bambanta da na samarin. Ba haushin jira nake ji ba. Na san masu shiri suna buƙatar a dawo musu, da yawan masu kallo suke samun talla su biya 'yan wasa. Amma da sun tsaya a kan haɗa idon nan na yaron da ɗan'uwansa, ya isa ya riƙe kowa har zango na gaba. Ƙarar bindigar ƙari ce da ba a buƙata, an sa ta ne don a ja rai. A rumfar da nake zaune akwai mutanen da suka taɓa jiran irin wannan labari da gaske, kwana da kwanaki, ba su san ko nasu na raye ba. Ran yaro ba abin da za a rataye don talla ba ne.

Duk da haka zan koma, kuma zan ce wa kowa ya je. Wasan uwar yaron kaɗai ya isa dalili: kusan ba ta yi magana ba a kashin nan duka, amma ita mata suka fito suna zance. Abin da nake fata a zango na gaba shi ne a nuna abin da ke biyo bayan fansa, wanda ba a cika nunawa ba: gidan da aka sayar, bashin da ya rage, yaron da ya dawo ba ya iya barci, zumuncin da ya tsinke tsakanin Alhaji da ƙanwarsa. A kuma kai kyamara ruga ko sau ɗaya, a nuna Bafulatanin da ya kora shanunsa kasuwa da kansa don ya fanso ɗansa.

Kafin in tafi na sami mai wurin na yi masa maganar yara. Ya ce: "Yaya, iyayensu ne ke ba su kuɗin." Na ce ƙofar dai tasa ce. Ya yi alkawarin ranar irin wannan shiri zai tsayar da su a waje, zai kuma ƙara fanka kafin azumi. Wanda zai je ya isa kafin a tada isha'i, domin bencin gaba da na kusa da fanka su ne ke fara cika.