Mai gyaran na'urar wasa a Katako

In fankar PS4 ɗinka ta fara kuka kamar injin niƙa, akwai wani matashi mai rumfa a kasuwar Katako, nan Yamai. Tawa zafi take ɗauka ta mutu ana tsakiyar ƙwallo. Gabana ya kwance ta: ƙurar hunturu ta toshe fanka, man sanyayawar ciki ya bushe har ya tsattsage. Ya share da burushi, ya shafa sabo, jika biyar.

"Yaya, daina aje ta bisa darduma," in ji shi.

Na'urar wasa ta Xbox 360 mai jan zobe kam, wato jar wutar da ke nuna ta lalace, ba ya karɓa, ciwon da ya sa Microsoft ta ƙara garanti zuwa shekara uku a 2007. Aibinsa alkawari: in ya ce gobe, jibi ke nan, kuma ba ya ba da rasit.