Datejust ko Speedmaster: wanne ya fi dacewa da ɗaurin yau da kullum?

Ɗan'uwa, ka ce an kawo maka agoguna biyu na kwance, Rolex Datejust mai lamba 16234 da Omega Speedmaster Professional mai lamba 3570.50, kuma kana son wanda za ka riƙa ɗaurawa kullum, kasuwa da masallaci da biki. Ka kuma tambayi wane kamfani ne ya fi tarihi. In don ɗaurin kullum ne, Datejust zan ce ka ɗauka. Amma ba don tarihi ba, domin a wannan fannin Omega ba ƙanin kowa ba ne.

Omega ya girmi Rolex da fiye da shekara hamsin. Louis Brandt ne ya fara harhaɗa agoguna a garin La Chaux-de-Fonds na ƙasar Suwizalan a 1848, 'ya'yansa suka koma Bienne a 1880, suka ƙera wani inji a 1894 da suka kira Omega, wanda daga baya kamfanin ya ɗauki sunansa. Shi kuwa Rolex a Landan aka haife shi a 1905, hannun Hans Wilsdorf, Bajamushe, da abokin kasuwancinsa Alfred Davis. Sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma Jeniba. Abin da Wilsdorf ya sa a gaba shi ne kada ruwa da ƙura su shiga agogo, har ya fito da gidan Oyster a 1926, wanda ake ɗaure kansa (maɓallin gefe da ake murɗawa) da bayansa kamar noti. A 1931 ya ƙara da injin da motsin hannu ke yi wa wani. Datejust ya zo a 1945, ya haɗa waɗannan biyun da tagar kwanan wata.

Labarin Speedmaster ya fi daɗin ji, gaskiya. An fito da shi a 1957 don masu tseren mota, agogo ne mai maɓallan awon daƙiƙa. A 1965 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada agogunan kamfanoni da zafi da sanyi da jijjiga, shi kaɗai ya tsallake. Buzz Aldrin ya taka duniyar wata da shi a 1969, Neil Armstrong kuwa ya bar nasa a cikin kumbo. A 1970, da kumbon Apollo 13 ya samu matsala, da shi 'yan sama jannati suka auna daƙiƙa 14 na kunna inji don gyara hanyarsu ta dawowa gida. Sai dai ka sani, wanda ya je wata lambar injinsa 321 ce, naka kuwa 1861 ne, jikansa, wanda aka sauƙaƙa ƙirarsa. Inji ne mai juriya, amma kada mai sayarwa ya ce maka sak irin na Aldrin ne.

To, mu zo kan zama da su. Speedmaster ba ya yi wa kansa wani. Kowace safiya sai ka murɗa kansa da yatsu har ya cika, in ka manta kwana biyu ya tsaya. Wasu na jin daɗin wannan, ni ma ina ciki. Ba shi da kwanan wata. Faɗinsa milimita 42, ga kauri, yakan kama bakin hannun kaftani. Gilashinsa na roba ne da suke kira Hesalite, ba ya tarwatsewa in ya bugu, amma yana saurin karcewa, ko da yake ana goge karcen da man gogewa. Datejust milimita 36 ne, yana shigewa ƙarƙashin hannun riga, gilashinsa saffaya mai wuyar karcewa, injinsa 3135 wanda ya fara fitowa a 1988. Yana ɗauke da shaidar COSC, ma'ana a gwaji bai yi jinkirin da ya wuce daƙiƙa 4 ko saurin da ya wuce 6 a rana ba. Injin 1861 ba shi da wannan shaidar.

Inda na fi ba Datejust fifiko shi ne ruwa. Mai alwala sau biyar a rana, ko yana cire agogo, wata rana zai manta. An yi Datejust ya jure zurfin mita 100, kansa a ɗaure. Speedmaster mita 50 ne, kansa turawa kawai ake yi, ga maɓallai biyu a gefe, kowanne ƙofa ce ga ruwa da ƙurar hunturu idan robarsa ta bushe. Duk da haka, agogon da ya haura shekara ashirin, lambar da ke takarda ba ta da amfani sai an canja robobin an gwada shi a na'urar matsi.

Akwai wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa. Zoben nan mai tsaga-tsaga da ya kewaye gilashin 16234 farin zinare ne, ba ƙarfe ba. In kana kauce wa zinare a matsayinka na namiji, nemi 16200 ko 16220, zobensu ƙarfe ne. Kuma Rolex ya saba yin alamomin sa'o'i na cikin fuska da zinare, don haka ka tambayi malaminka kafin ka biya. Speedmaster ɗinka jikinsa da sarƙarsa ƙarfe ne.

Batun jabu kuwa, Datejust na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a duniya. Abin da ya fi jabun wuyar ganewa shi ne haɗe-haɗe, gida na asali, fuska daga wani agogo, hannaye daga wani. Ko kamfanin Omega ya taɓa faɗawa wannan tarkon: a 2021 ya sayi wani tsohon Speedmaster a gwanjon Jeniba kan sama da faran miliyan 3 na Suwizalan, a 2023 ya sanar cewa haɗe-haɗe ne.

Saboda haka kada ka biya sai mai gyara da ka yarda da shi ya buɗe bayan agogon a gabanka. A Datejust, a cire sarƙa a duba lambar samfuri a wajen ƙarfe 12, lambar agogon a wajen ƙarfe 6. Riƙe shi a karkace ka ga yadda sarƙarsa, wadda ake kira Jubilee, ke lanƙwasowa, in ta zube ƙasa sosai ta ci jiki, gyaranta da tsada. Juya hannaye su wuce sha biyun dare, kwanan wata ya tsallaka farat ɗaya. A Speedmaster, danna maɓallin sama dogon hannu ya tashi, sake dannawa ya tsaya, danna na ƙasa ya koma kan 12 daidai, ba gefe ba. Dubi kusurwoyin gidan, in sun yi sulɓi sun rasa kaifi, an gurje shi da yawa, kuma ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa.

Kwali da kati suna ƙara daraja, amma ni na fi son rasit ɗin sabis na baya-bayan nan. In babu, ka tambayi kuɗin sabis tukuna ka cire shi daga farashin. Na Speedmaster yakan fi aiki saboda sassan awon daƙiƙa da ke cikinsa.