Kafin ka sayi na'urar gano ƙarfe don bakin teku

Jama'a tunda na dawo daga Legas mutane ke ta tambayata wace na'ura ce ta dace da yashin bakin teku kuma wadda ba za ta cinye wa mutum jari ba, to bari in faɗa muku abin da na gani da idona, don ni sai da na yi asara kafin na gane.

Ta farko da na saya a nan Kaduna ce, irin mai arhar nan marar suna, mai shagon ya jefa kwabo a ƙasa ta yi ƙara na biya. Na kai ta bakin kogi ta wajen Gamji ta yi aiki lafiya lau, har makulli na tono. Ranar da na taka jiƙaƙƙen yashi a Legas kuwa wallahi kamar an taka wutsiyar mage, ƙara kawai take ko'ina na juya faifan, wato zagayayyen abin nan na ƙasan sandar da ake shafa ƙasa da shi, na rage mata ƙarfi har ta yi shiru, sai na binne zoben azurfata tsawon yatsa ɗaya na wuce ta kai ko uffan ba ta ce ba.

Dalilin shi ne gishiri. Ruwan kogin Kaduna ba gishiri, shi kuwa ruwan teku wutar lantarki na bi ta cikinsa, saboda haka na'ura mai firikwensi ɗaya, wato wadda saurin siginar da take aikawa cikin ƙasa iri ɗaya ne tak (da kHz ake auna shi), sai ta ɗauka duk yashin ƙarfe ne. A busasshen yashi can sama inda mutane ke shimfiɗa tabarma za ta yi maka aiki, amma inda igiyar ruwa ke wankewa, wanda nan ne zobe ke suɓucewa daga hannun masu wanka, nan take rikicewa. Kuma don Allah masu tunanin aron injin neman zinare irin na mutanen Birnin Gwari da Zamfara ku haƙura, misali Gold Monster 1000 a kan 45 kHz take, an yi ta ne don ƙananan ƙwayoyin zinare a tudu, kuma iya hawan firikwensi iya yadda gishiri ke damun na'ura.

Iri biyu ne ke jure gishiri. Akwai PI, wato masu aika sigina cikin ƙasa bugu-bugu, irin su Garrett Sea Hunter Mark II, ita gishiri bai dame ta ba kuma tana kai wa zurfi, matsalarta ba ta iya bambance ƙusa da zobe sosai, za ka wuni kana tonon murfin kwalba da waya har bayanka ya ƙage. Sabon shiga ban ba shi shawarar ta ba.

Sai masu aika firikwensi da yawa a lokaci guda, su ne ke iya cire hayaniyar gishirin su bar maka sautin ƙarfen, kuma a nan nake so ka sa kuɗinka. Mafi sauƙin kuɗi a cikinsu Minelab Vanquish ce, kamfanin na Ostireliya ne, akwai 340 da 440 da 540, ita 340 ɗin wajen dala 200 aka sa mata da ta fito. Kunnawa kawai za ka yi ka fara tafiya, batir AA guda 4 take ci wanda ko a kiyos za ka samu, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san halin wutarmu. Aibinta ɗaya, faifan yana shiga ruwa amma kan na'urar inda allon yake ba ya shiga, igiyar ruwa ɗaya ta mare ka shikenan an gama. In ka san a jiƙaƙƙen yashi za ka tsaya ruwa iya idon sawu, ta ishe ka, ita nake riƙe da ita yanzu.

In kuma kana son shiga ruwa har gwiwa ko ƙugu to ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin Nokta Legend, 'yar Turkiyya ce, ta fito 2022 a wajen dala 500, gaba ɗayanta tana nutsewa har mita 3 kuma tana da saitin bakin teku. Equinox 600 ta Minelab da ta fito 2018 ita ma mita 3 ce, in ka samu ta hannu mai lafiya ba laifi, sai dai ka duba ko ruwa ya taɓa shiga allon. Mutane da yawa na ruɗuwa da Simplex+ da Garrett AT Pro don an rubuta suna shiga ruwa, eh suna shiga, amma firikwensi ɗaya gare su, 12 kHz da 15 kHz, shiga ruwa daban jure gishiri daban.

Jabu sun yi yawa, musamman masu sunan Minelab da Garrett, in ka ga farashi ya faɗi ƙasa da rabi ka ja da baya. Kuma kar ka yarda da gwajin kwabo a kan siminti. Ka cika bokitin roba da yashi, ka jiƙa shi sharkaf da ruwan da ka narkar da gishiri sosai, ka tura zobe ciki, in ta fidda sautin zoben tsaf ba tare da surutu ba sannan a yi maganar kuɗi.

Ka ware wani abu don shebur mai huji-huji kamar rariya na ƙarfen da ba ya tsatsa, da iyafis don ƙarar teku na danne sautin, kuma kullum ka ɗauraye komai da ruwan famfo in ka dawo. Ka fita lokacin da ruwa ya janye, sau biyu yake yi a kwana, kar ka yi nisa cikin ruwa don tekun Legas na ja da ƙarfi, sannan wuraren da ake biyan kuɗin shiga ka nemi izini tukunna.

Kar ka sa ran buhun silalla irin na bidiyon 'yan Amurka, mu nan an daina yawo da su, abin da za ka fi samu ɗan kunne ne da makullai da marfin gwangwani, kuma lambar da na'ura ke nunawa a allo in ta ji zinare kusan ɗaya da ta marfin gwangwanin ce, dole ka tona duka. In Allah ya sa ka dace da zobe ko waya tsintuwa ce, malamai sun ce a yi cigiya shekara guda, ni wurin masu gadin ƙofa nake fara barin lambata.