Wata takwas da sandunan Ping G425: zubi ya sa na sake tunani

Shekara shida na yi ina buga golf da wasu sirara sandunan ƙarfe da wani kawuna ya bar mini. Irin na ƙira ne, bayansu a shafe, ba rami ba komai. Suna da kyau a ido, kuma in ƙwallo ta haɗu da tsakiyar fuskar sanda, hannu ba ya jin komai sai laushi. Matsalar ita ce a cikin bugu goma bai fi uku nake samun tsakiyar ba. Sauran bakwai ɗin ƙwallo kan kama can bakin sanda, ƙarfen ya ɗan juya a hannuna, zafi ya ratsa yatsu, musamman da sassafe lokacin hunturu a Kaduna, ƙwallon kuma ta faɗi nesa da inda na nufa.

Yaron da ke ɗaukar mini jaka ne ya fara faɗa mini. Ya ɗaga sanda mai lamba bakwai, ya nuna inda fuskar ta goge, can gefe ba tsakiya ba, ya ce, "Yallaɓai, nan kake bugawa kullum. Ka nemi masu rami a baya." Na ji maganar, amma na ɗauki lokaci kafin na yarda, domin a wajena sandar ƙira ita ce sanda, ta zubi kuwa, irin masu ramin nan, ta masu koyo ce.

Daga baya na sayi Ping G425 na hannu, daga lamba biyar har zuwa na gajeren bugu, kuma yanzu wata takwas ke nan ina tare da su, damina da rani.

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san bambancin maƙerin baƙi da na fari. Ɗaya yana gasa ƙarfe ya buga shi har ya bi siffar da yake so, ɗayan yana narkawa ya zuba a mazubi. Haka abin yake a kan sandar golf. Na ƙira ana danna ɗanyen ƙarfe mai laushi da injin duka. Na zubi kuwa ana fara yin siffar kan da kaki, a lulluɓe ta da wani irin yumɓu, a narkar da kakin ya fice, sannan a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Amfanin wannan hanya shi ne mai zane yana iya ajiye nauyi duk inda ya ga dama. A G425 an kwashe ƙarfen da ke bayan fuska an tura shi gefe-gefe da ƙasa, an ƙara wani ɗan dunƙule mai nauyi na ƙarfen tangistin a can bakin kan, wanda ido ke gani kamar noti, da wani nauyin a wuyan sanda. In nauyi ya rabu zuwa gefuna biyu haka, kan ba ya saurin juyawa ko da ƙwallo ta kuskure tsakiya.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce a kamfanin Ping. Karsten Solheim, injiniya ɗan asalin Norway da ya yi aiki a General Electric, shi ya kafa kamfanin. Ya ƙera wata sandar tura ƙwallo rami a garejinsa a California a 1959, kuma ƙarar da take yi ce ta ba kamfanin suna. Tunanin raba nauyi zuwa gefe shi ya ɗauko ya sa a sandunan ƙarfe, har aka kai ga samfurin Eye2 a 1982, wadda har yau za ka gan ta a jakar wasu dattawa.

A fili abin da na gani shi ne wannan. Akwai wani rami da ke buƙatar tsallake kwari, wajen yadi 150. Da tsofaffin sandunana, bugun da ya kama baki kan faɗa cikin kwarin. Yanzu irin wannan bugun yana tsallakewa, ya ɗan gaza kaɗan, amma yana wurin da zan iya ci gaba da wasa. Hannuna kuma ya huta da wannan zafin na sanyin safiya. Ƙasan kan yana da faɗi, don haka da damina, lokacin da ƙasa ta jiƙe, sandar ba ta nitsewa cikin laka, zamewa take yi ta wuce.

Game da nisa, gara a faɗi gaskiya. Lamba bakwai ta G425 kwanciyar fuskarta digiri 30 ce, alhali ta irin tsofaffin sanduna takan kai 34 ko 35. In kwanciyar fuska ta ragu, ƙwallo ta fi yin nisa, ke nan wani ɓangare na ƙarin nisan da na samu daga nan ya fito. Abin da ya burge ni shi ne duk da haka ƙwallo tana tashi sama sosai, saboda nauyin yana ƙasa.

Wani abu da mai saye zai duba shi ne ɗigon launi da ke jikin kan. Ping na amfani da shi wajen nuna yadda aka karkatar da wuyan sanda gwargwadon tsawon mutum da hannunsa. Nawa baƙin ɗigo ne, wato madaidaici, kuma ya zo daidai da ni. Dogon mutum da ya sayi na hannu ba tare da duba wannan ba zai iya ganin ƙwallonsa na karkata ba tare da ya san dalili ba.

Ƙwararren da ke samun tsakiya kullum, yake kuma son lanƙwasa ƙwallo dama ko hagu da gangan, zai fi jin daɗin sirara na ƙira, kuma yana da hujja. Ni dai na goge na kawu, na shafa musu mai na ajiye a ɗaki. Ranar Asabar da ta wuce yaron nan ya sake ɗaga lamba bakwai ya duba fuskar. Gogewar tana nan a gefe inda take tun da, amma a katin ranar bugu shida na rage.