Sharhi: Ƙaramin kwalin ɗinkin gicciye, daɗin farawa da wuyar gamawa

Duk mai son koyon ɗinkin gicciye, surfanin nan na ƙirga da ake jera 'yan ƙananan X a kan yadi mai ramuka, yawanci kwalin da aka haɗa komai a ciki take fara nema. Irinsa na saya wajen wata mai talla a Instagram, aka sako min shi a mota zuwa Jos. A ciki akwai yadin Aida mai lamba 14, wato gida 14 a kowane inci, da allura biyu masu dakusasshen baki, da zoben roba mai faɗin inci 6 na ɗaure yadi, da zare kala 16, sai takardar zane. Zanen kuwa jan tsuntsu ne a kan reshe mai ganye da furanni, gida 70 a tsaye, 70 a kwance. An rubuta a bayan kwalin cewa na 'yan koyo ne.

Gaskiya farkon aikin ya yi min daɗi. Yadin yana da sitaci daidai, ramukansa a fili suke, allurar ba ta tsaga shi. Jikin tsuntsun kala ɗaya ne mai faɗi, hannu yana ta tafiya ba sai an riƙa leƙa takarda ba. Da a nan aikin ya tsaya, da yabo kawai zan rubuta. Amma aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma a daidai gaban goshin ne masu haɗa kwalin nan suka bar mai saye ita kaɗai.

Koren zare ne ya fara yankewa, ga ganye uku ban taɓa ba. Wanda ya auna zaren nan ya auna shi cif, bai bar rarar ko taku ɗaya ba, alhali warwara tana cikin aikin ƙirga, kuma zaren da aka warware sau biyu ya riga ya yi gashi, sai zubarwa. Ga hunturun Jos. Yatsu sun yi kaushi, suna kama silin zare suna tsefe shi, ba kuma halin shafa basilin don farin yadi ba ya yafe maiƙo. Abin da ya fi ci min rai shi ne zaren ba shi da lamba. Zaren kamfanin DMC na Faransa kowace kala da lambarta, 310 baƙi ne, 321 ja ne, ƙulli ɗaya mita 8 mai sili shida, in ya ƙare sai a nemi wannan lambar a ko'ina. Na kwalin nan daga 1 zuwa 16 kawai aka jera su, lissafin da babu wanda ya san shi sai su.

Haka na naɗe yadin na shiga kasuwar Taminus wajen masu kayan ɗinki. Yawancin abin da ke gabansu zaren keke ne da mai sheƙi na surfanin inji. Wani dattijo ya zaro min ƙullin auduga kala-kala, ya fito da yadin bakin rumfa inda rana take, ya riƙa kara su ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "Hajiya, wannan koren ba za ki same shi sak ba, sai dai ɗan'uwansa." Ɗan'uwan na saya. Da dare ba a ganewa, amma da rana ganye ukun nan sun fi sauran duhu, kuma idona nan yake fara sauka.

Sai takardar zane. Kusa da furannin akwai ɗinki ɗaya-ɗaya a warwatse: a zura zare, a yi X guda, a soke wutsiyarsa a bayan yadi, a yanke, a canja kala. Wannan halin zanen ne, na yi haƙuri da shi. Abin da ban yafe ba shi ne layin gefe, siririn ɗinkin da ake bi da sili ɗaya a fito da baki da ƙafafu da jijiyar ganye. Baƙin layi aka buga a kan baƙaƙen alamomi, a takarda ƙarama. In aka ɗauke wuta, da fitilar caji ba a bambance layi da alama sam. Sai da na ɗauki hoton takardar a waya ina buɗa shi da yatsu. Buga layin nan da ja ko shuɗi bai fi ƙarfin kowace maɗaba'a ba.

Idon tsuntsun ƙullin Faransa ne, wato ɗan ƙullin da ake yi da naɗa zare a jikin allura, takardar kuma ɗigo kawai ta nuna ba bayani. A kan Aida, in allura ta koma ramin da ta fito, ƙullin zurmawa yake yi ya ɓace ta baya. Gwaggona da ta daɗe tana aikin hula ce ta karɓa ta ce, "Kawo nan, 'yar nan. Naɗa sau biyu, ki riƙe zaren da ɗayan hannun kar ya saki, ki soke a jikin yadin gefen ramin." Nan take ido ya zauna. Layi biyu a takarda sun isa su faɗi wannan.

Babban aibin kwalin shi ne yadda aka yanka yadin. Gida 70 a yadi mai lamba 14 inci 5 ke nan, masu aikin nan kuma sukan bar inci 2 zuwa 3 a kowane gefe don sakawa a firam. Nawa inci 7 aka yanko, saura inci ɗaya-ɗaya, shi ma bakin yana zarewa tun ana tsakiyar aiki. Zoben da aka bayar ma ba ya ɗaukar zanen gaba ɗaya, don daga kusurwa zuwa kusurwa ya ɗan haura inci 7, zoben kuwa 6 ne, dole ya danne ɗinkin da aka riga aka yi. Mai firam da na kai wa ya ce sai dai ya manna shi da gam. Ban yarda ba, gam yana sa yadi ya yi rawaya in an jima. Na dawo gida na ƙara masa ƙyalle a gefe huɗu da keke, na ɗaure shi a kan kwali mai kauri da zare ta baya, sannan na mayar.

Kafin nan ma sai da wanki ya tayar min da hankali. Ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi na sa, duk da haka jan ya fara zuba a farin yadi kusa da fiffike. Maganinsa a yi ta ɗauraya da ruwan sanyi har ruwan ya fito fes, kar a bari ya bushe da tabon. Yawanci ya fita. Guga kuma ta baya ake yi, a kife shi a kan tawul don kar ɗinkin ya kwanta.

Ga wadda ta saba, kuma tana da nata zaren a gida, zanen ya cancanci kuɗinsa. 'Yar koyo kuwa ba zan tura ta ba, don a nan ne za ta ajiye aikin a ƙasan akwati ta ce ba ta iya ba, alhali kayan ne suka gaza. Na rubuta wa mai sayarwar abu uku: a ƙara zare, a sa lambobinsa, a faɗaɗa yadi. Ta amsa da mutunci, ta ce za ta isar wa masu kawo mata. Kafin su gyara, aikina na gaba yadi daban zan yanko, inci 11 ga zane mai inci 5, da zare mai lamba, in kuma jiƙa guntun ja a kan farin ƙyalle in ga halinsa tun ban zura shi a allura ba.